Lodin Kawu

Kawuna direban bas ne, Gusau zuwa Tsafe, kuma duk tashar ta san motarsa ba ta taɓa cika ba. Ko fasinja sun danne juna, sai ya leƙa ya ce a matsa, akwai wurin mutum guda. Wannan mutumin ne ya zaɓa mini madabod, babban allon da ake dasa duk kayan kwamfuta a kansa.

Shekarun ƙarshe na mulkin soja ne. Ina buga wa mutane takardu da tafireta a wata rumfa a Gusau. Yayana ya aiko mini da furosesa daga Legas, ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan, ya ce in riƙe ta da kyau, ba zai iya samo wata ba. Sauran kayan na tara su ɗaya bayan ɗaya. Madabod kaɗai ya rage, Kawu ya ce shi zai saya, amma sai ƙafarsa ta je shagon.

Mai shagon ya fito da guda biyu. Na farko yana barin a ƙara wa furosesa gudu kaɗan, daidai abin da nake so, don zafin Gusau ba ya ɗaga wa inji ƙafa. Na biyu yana da 'yan hulunan roba da ake sauya wa wuri, gudun ya yi ta hawa. Bakina ya ja mini, na yi wa Kawu bayani. Idonsa ya kawo haske kamar ya hango fasinjan kasuwar Tsafe.

"Wanga za mu ɗauka," in ji shi, yana nuna na biyun. "Mi kas sani ga lodi? Abin da ya ɗauki kaɗan yana ɗaukar da yawa."

Na haɗa kwamfutar, na ƙara mata gudu ɗan kaɗan, tana aiki lafiya lau. Kullum sai ya biyo ya tambaya ko wannan ne ƙarshen ƙarfinta, in ce a'a, ya yi tsaki. A ganinsa asara ce a bar wuri a banza.

Ranar da na tafi gaisuwar rasuwa Bungudu na bar masa makulli. Ya ɗauko mai gyaran rediyon tasha, wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba, suka kai hulunan nan ƙarshe, suka kunna ta da tsakar rana a bazara. Na dawo na tarar da rumfar tana ƙaurin roba. Furosesar ta ƙone, allon ma ya bi ta. Kawu kuwa ko a jikinsa, ya ce kayan Turawan yanzu ba su da ƙwari.

Na karkaɗe tafiretata na koma bugu. Shi kuma ya huda allon ya rataye a madubin motarsa, yana ta sheƙi. Duk fasinjan da ya tambaya sai ya ce kwamfutar ɗansa ce, in ina cikin motar kuma ya juyo ya ce mini in matsa, akwai wurin mutum guda.