Jaririn da Bai Yi Kuka Ba

'Yan uwa, kun daɗe kuna tambayar abin da ya sami ƙafata da harshena, ni kuma ina ta kewaye-kewaye. Yau zan faɗa.

An haife ni a Tafoki, shekarun da kuɗin fetur ya shigo, kowa na sayen rediyo da babur. Ni ne ɗan fari. Inna ta sha doguwar naƙuda a ɗaka, na fito ban yi kuka ba. Ungozoma ta watsa mini ruwan sanyi, ta yi ta kaɗa tasa a kunnena. Sai can na yi ɗan ƙara, aka yi guɗa.

Sa'o'ina suka zauna, suka yi rarrafe, suka ruga. Ni ina kwance, wuya ba ƙwari, yawu na zuba.

Na isa fahimtar magana lokacin da aka fara cewa ɗan ruwa ne ni, a kai ni bakin rafi a bar wa masu ni. A gabana ake faɗa. Tsoron nan har yau bai sake ni ba.

Inna kuwa kunyar ɗan fari ta hana ta ko kallona a gaban mutane. Amma ranar da dattawa suka tsai da magana, ta fito tsakar gida ta ce, “Yaron ga ni na haife shi, ba rafi ba. Asibiti za a kai shi.”

Baba ya sayar da sansa na noma, muka hau babbar mota.

Likita ya ƙwanƙwasa gwiwata, ya haska idona, ya tambaya ko na yi kuka da aka haife ni. Ya ce jinkirin numfashin nan ne ya hana ƙwaƙwalwata samun iskar oksijin, wani sashe mai kula da ƙafa da harshe ya lalace. “Ba zai dawo ba, amma sauran zai iya koyo.”

Aka koya wa Inna gashin ƙashi. Kullum tana miƙe mini gaɓoɓi, ina ihu, tana hawaye. Turmi na fara dafawa na miƙe.

Don Allah, naƙuda in ta yi tsawo, a tafi asibiti. Jariri in bai yi kuka ba, kar a tsaya neman tasa.

Na gode wa Allah, na gode wa Inna. Watan jiya ta rasu. Ina jan ƙafa, ina baya, amma da ƙafafuna na raka ta makwancinta.

Ku sa ta a addu'a.