Shanun da Na Ɓoye a Cikin Gwaggo

Ni ne mai laifi, ba Gwaggo ba. Gara in faɗa tun farko, domin har yau a Dei-Dei akwai masu cewa tsufa ne ya kayar da kwamfutar marigayi Yaya Isiyaku. Ba tsufa ba ne. Shanu ne, kuma ni na kora su ciki.

Ku da kuka zauna da shi a shagon ƙere-ƙeren Oga Sunday kun san ba ya amsa sallama sai ya yi sebin, wato ya adana aikin da ke kan allo. Ka ce salamu alaikum, sai ka ga yatsunsa na hagu sun danna, ya ɗan jira, sannan ya ɗago kai. Shi ya sa aka laƙaba masa Malam Sebin. Wani dattijo ya taɓa yi masa faɗa a kan haka.

"Malam, amsa sallama fa wajibi ne!"

"Na sani, Baba. Amma kai za ka jira ni. Masu ɗauke wuta ba za su jira ni ba."

Ɗan wan babana ne. Shi ya janye ni daga walda ya koya mini zanen inji. Ni ina zana ƙananan sassa, shi kuma yana haɗa babban zane, inda ƙarafa da tayoyi da notuna bila adadin suke haɗuwa su zama tirela ko injin casar shinkafa. Wannan babban aikin a tsohuwar kwamfutarsa ake yinsa, wadda ya sa wa suna Gwaggo. Idan ƙurar ƙarfe ta cika ta ta fara zafi, ba ya kai ta wurin masu gyara. Rungumarta yake yi ya tsallaka titi wurin mai faci, a hure ta da tiyon iska. Mai facin kullum sai ya tsokane shi.

"Malam, iska nawa zan sa mata? Kamar ta gaba ko ta baya?"

"Hura a hankali, marar kunya! Ta girmi uwarka a aiki."

Yana da magana ɗaya da kowa ya haddace: "Gwaggo ba ta ƙarya. In ta tsaya, wani ne ya ɗora mata kayan da ba nata ba." Idan zane ya yi nauyi, sai ya kwantar da rabin sassan, ya ga ko ta samu sauƙi, ya sake raba sauran, har ya kama ɓarawon. Ya sha faɗa mini cewa kwantarwa daban, ɓoyewa daban. Abin da ka kwantar ya sauka daga kan kwamfuta. Abin da ka ɓoye kuwa idonka kawai ya bari, tana nan tana ɗauke da shi.

Ni kuma ina da son ado. Wata rana na zana noti har da haƙoransa, zagaye bayan zagaye, ya yi kyau kamar a lasa. Da aka zuba irinsa a duk jikin tirela, Gwaggo ta fara nishi. Yaya ya kira ni a gaban kowa.

"Sabi'u, zo ka ga abin al'ajabi. Wa zai leƙa cikin noti? Aljani?"

"Yaya, don ya yi kama da na gaske ne."

"To zana masa tsatsa ma, da yaron da zai sace shi!"

Masu walda suka yi ta dariya har aka tashi. Tun ranar nake tsoron bakinsa.

Sai Alhaji Buba, dillalin shanu, ya ba mu aikin tirela. Ya zo duba zane ranar da Yaya ya tafi ta'aziyya Zuba, ya ce shi bai gane waɗannan layukan ba, yana so ya ga yadda dabbobi za su tsaya. Na ce ba matsala. Na samo wata saniya a intanet, irin wadda aka zana har da gashin jela, na maimaita ta har ta cika tirelar maƙil. Alhaji ya leƙo ya kwashe da dariya.

"Kai, wannan ai saniyar Turawa ce! Ina tozon?"

Bai rufe baki ba na hango Yaya yana biyan mai keke. Nan take na ɓoye garken gaba ɗaya, na tura shi can cikin sassan da ke hannuna, na sa masa suna "ƙananan notuna".

Washegari Gwaggo ta ƙi. A buɗe zane, sai a sha shayi a gama bai buɗe ba. A juya tirela kaɗan, allo ya daskare, manhajar ta rufe kanta. Yaya ya kai ta wurin mai faci. Ya share tarkacen fayil, ya rage kyan hoto, ya sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa hoton allo, abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba. Shiru. Da ya zo rabawa, ya binciki nasa ɓangaren tsaf, sannan ya juyo.

"Sabi'u, naka fa? Ba ka sa wani shirme ba?"

"Wallahi notuna ne kawai, Yaya."

Ya yarda. Abin da ke ci mini rai ke nan. Da ya yi zargina, da kafin azahar ya kama su.

Alhaji Buba ya fara barazanar kai aikinsa wani wuri. Oga Sunday ya gaji ya shigo da sabuwar kwamfuta. Ni aka ba aikin kwashe fayil zuwa cikinta, kuma a nan na goge shanun ba wanda ya gani. Zane ya buɗe kamar walƙiya.

"Malam, ka gani?" in ji Oga. "Wannan Gwaggo naka ya mutu tun tuni, kai ne ba ka yarda ba."

Yaya ya roƙi a bar masa Gwaggo, ya ɗora ta a cinya a cikin keke ya kai ta gidansa a Gudu. Daga ranar ban ƙara jin ya yi waccan maganar tasa ba. Idan zane ya yi nauyi sai ya ce, "Kira yara su duba, ni da Gwaggo an wuce zamaninmu." Ina ji, ina shiru.

Sai da ciwo ya kwantar da shi na iya buɗe baki. Na zauna a bakin gado na faɗa masa komai.

"Shanu? A cikin Gwaggo?"

"Shanu, Yaya."

"Kwantar da su ka yi ko ɓoyewa?"

"Ɓoyewa."

"Innalillahi! Duk karatun da na yi maka!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, matarsa ta shigo da gudu da ruwa. Da ya lafa sai ya kamo hannunta. "Hauwa, kin ji? Ashe ba ta yi ƙarya ba." Sannan ya nuna mini lungun ɗaki, inda Gwaggo take a lulluɓe da zane. "Ni na yafe. Amma ba ni ka yi wa ƙazafi ba. Tashi."

Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa ba ne.

Bai ƙara komawa shago ba. Allah ya jiƙan Yaya Isiyaku, ya sauke masa duk wani nauyi, ya sa ya huta. Ni kuma Allah ya yafe mini rantsuwar da na yi a kan ƙarya.

A ranar da ya ce in tashi ɗin, na je na durƙusa a gaban kwamfutar, ni da furfurata, Anti Hauwa na toshe baki da mayafi. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Na ɗora miki garke, na bari aka ce kin tsufa." Daga nan ban tashi ba, na juya wajen gadon. "Yaya, kai ma ba ka tsufa ba. Ni ne na yi maka ƙarya."