Sunan da Fermín Cabreja Ya Mayar

Ƙarfe shida da rabi na safe yake shiga filin ƙwallon besbol na Santa Brígida, bokiti a hannu, manjagara a kafaɗa. Ba wanda ya sa shi. Cikin tashoshin da 'yan wasa ke zagayawa a guje, daga ta biyu yake farawa ya nufi ta uku, a sunkuye, yana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Gwiwarsa ta hagu ta daina lanƙwasuwa tuntuni, jan ƙafar yake yi. In iska ta juyo daga injin rake, toka ta yi ta sauka masa a hula, ba ya ko kaɗewa. In ya gama sai ya tsallaka titi zuwa shagon Doña Zoila, ya sha baƙin kofi a tsaye, ya ci kirɓaɓɓiyar ayaba da albasa.

Da can, daga nan gidan rediyo yake wucewa. Yanzu asibiti yake wucewa, Litinin da Laraba da Juma'a.

Sunansa Fermín Cabreja. Har bara, duk garin nan Don Nicanor muke ce masa, wato Malam Nicanor, kuma har yau bakinmu na suɓucewa.

Shekara tara ya yi yana buga besbol a Amurka, mai tsaron cikin fili, tsakanin tashoshin nan biyu da yake sharewa. Ƙananan ƙungiyoyi ne, na garuruwan da ba wanda ya taɓa jin sunansu a nan. Babban rukuni bai taka shi ba ko sau ɗaya. Wani mai gudu ya zamo da ƙafa ya farfasa masa gwiwa, aka miƙa masa tikitin jirgi. Ya dawo gida ya yi shekara huɗu ba ya son magana da kowa. Daga baya aka ja shi ya hau ɗan akurkin katakon da ke saman filinmu, aka ajiye masa makirfo. Shekara ashirin da tara, kowace Lahadi yana can.

Muryarsa ba ta da daɗi. Kaushi gare ta, kuma ba ya ihu. Amma saboda ita masu saran rake ke rataya rediyo a wuya.

Duk wanda ya tsaya a cikin fili ya san abin da ake kira kuskure. Ƙwallo ta taho a ƙasa a guje, ta doki tsakuwa, ta sauya hanya, ta bi ta tsakanin ƙafafunka, mutum dubu biyu su yi maka ihu. Masu sharhin birni sai su kama sunanka su yi ta nanatawa. Shi ba ya haka. Doña Zoila ta ce ranar da jikanta ya zubar da ƙwallo biyu a zagaye ɗaya, ga masu neman 'yan wasa daga Amurka zaune suna kallo, ta ji shi a rediyo yana cewa, "Jama'a, na san wajen nan, ni ma ya sha ci na. Ƙasar ce ta yi tsalle. Yaron yana inda ya kamata ya tsaya."

Washegari ta hango shi da bokiti.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan," in ji ta. "Na ce masa, tsoho, ka wahalar da kanka a banza, tsakuwar nan haihuwa take yi. Ya ce shi ya sa yake sammako, kafin ta yi jikoki."

Sai maganar tashar mota. Kowace shekara makarantun ƙwallo na kwashe samarinmu, kowace shekara suna sallamo mafi yawansu. Ranar tafiya da ganga ake raka mutum. Ranar dawowa ba mai tarbarsa, yakan zaga ta bayan gari ne kada a gan shi. Fermín yana jin labarin wanda aka sallama kafin kowa, sai ya je ya zauna a bencin tasha.

Wáscar Peguero, wanda ke acaɓa yanzu, ya ba ni nasa. "Na sauko da jakata kamar in nutse don kunya. Sai ga tsohon. Ya ce, 'Kai, Peguero, ka yi ƙiba. Ƙwallo ka je bugawa ko shinkafarsu ka je ci?' Na ce, 'Don Nicanor, korata suka yi.' Ya ce, 'Ni ma sun kore ni, ka ga na mutu? Miƙo jakar.' Da gurguwar ƙafar nan ya saɓa jakata, muka ratsa tsakiyar kasuwa yana gaisawa da kowa, har ƙofar gidan uwata."

Kai ne wannan, Fermín, mai rakiyar waɗanda aka sallama. Da a nan labarinka ya tsaya, da ya isa a jinjina maka. Amma ba a nan ya tsaya ba, kuma ba ka so a ɓoye sauran.

Yana ɗan shekara goma sha tara dillalin 'yan wasa ya zo barikin masu saran rake. Ya ga hannunsa ya yaba. Ya ji shekarunsa ya tsuke baki. Amurkawa ɗan sha shida suke ɗauka, ɗan sha tara a wurinsu ya tsufa. Fermín kuwa ko takardar haihuwa ba shi da ita, a ɗaki aka haife shi, ba wanda ya kai sunansa ofis. Ƙanensa ne mai takarda, don shi a asibiti aka ciro shi. Sunan ƙanen Nicanor, ana ce masa Kiko, shekararsa goma sha shida cif.

Uwarsu ce ta ciro takardar daga gwangwanin biskit. "Aro ne," ta ce. "In ka samu wurin zama ka mayar masa."

Kiko na kan dakali yana shan rake. Ya ce, "Ɗauka, Yaya. Adda ba ta tambayar suna."

Aron ya kai shekara arba'in da biyu.

An yi wa uwar rufin kwano, ta mutu a ƙarƙashinsa. Kiko ya zauna a gona. Bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Aurensa ba ya cikin littafin kowa. 'Ya'yansa sunan dangin uwarsu suke amsawa. Sau biyu aka nemi ba shi aikin dindindin a injin rake, sau biyu aka ce ya kawo kati, ya ce zai dawo. A teburin domino yakan buga ƙirji ya ce, "Ku riƙa girmama ni, ku ƙattin banza. Ni ne na yi shekara tara ina buga ƙwallo a Amurka ban taɓa barin gona ba." Matasa su kwashe da dariya. Tsofaffin da suka san zancen su sunkuyar da kai kan abin wasansu.

Fermín ma yakan yi dariyar. Ya saya wa Kiko keke. Ya saya masa rediyo. Kowace shekara yakan ce wa kansa baɗi. Da farko tsoro ne kada ƙungiya ta kore shi, daga baya kunya ce, daga baya kuma sabo. Kowace Lahadi ya buɗe shiri da cewa Nicanor Cabreja ke magana da ku, ya san akwai rediyo ɗaya a bariki da mai sunan ke zaune gabanta yana saurare.

Bara, wajen Ista, ƙafafun Kiko suka kumbura. Ƙoda ce, ciwon masu saran rake. Likita ya ce sai wankin ƙoda sau uku a mako. Wankin ƙoda sai da katin inshorar gwamnati, katin inshora kuwa sai da katin ɗan ƙasa. Fermín ya ciro nasa ya tura ta taga.

Ma'aikaciyar ta dubi hoton ta yi murmushi. "Don Nicanor, wannan ai naka ne. Babana ba ya kuskure shirinka. Na mara lafiyar nake so."

"Ba shi da shi."

"To, sunansa fa?"

Mutumin da ya yi shekara ashirin da tara yana ci da bakinsa ya juya ya dubi ƙanensa. Kiko ne ya amsa daga keken marasa lafiya. "Rubuta Kiko, 'yata. Haka kowa ya san ni."

A waje, ƙarƙashin mangwaron asibiti, Fermín ya ce, "Zan je ofishin rajista."

"Ka je ka yi me? Kai Yaya, ka tsufa ba ka yi hankali ba. Za su karɓe katinka na rediyo. Ƙila ma su rufe ka."

"Su rufe."

"To wa zai riƙa ba ni labarin wasa? Wancan sabon mai sharhin, mai murya kamar akuya ta maƙale a shinge?"

"Sunan naka ne, Kiko."

"Na saba babu shi." Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. "Abu ɗaya dai. In mutuwa ta zo, kada a rubuta Kiko a jikin gicciyen kabarina. Mama ba Kiko ta raɗa mini ba."

Mai gidan rediyon, Rafelito Mañón, ba mugu ba ne. Ya rufe ƙofar ofis ya rage murya. "Haba, tsohona, wa ya aike ka? Na san wani a birni, kwana uku zai yi wa ƙanenka takarda mai kyau, ba wanda zai ji."

"Da sunan wa?"

"Kowane suna mana."

"A sake ara masa na wani?"

Rafelito ya shafa sanƙonsa. "Katinka na sharhi da sunan Nicanor aka yi shi. Babu kati, babu makirfo. Doka ce, ba ni ba."

"Na sani. Bar mini Lahadin nan kawai."

Rana ce mai zafi, ana wasa da mutanen ƙetaren kogi. A zagaye na bakwai, lokacin da 'yan kallo ke miƙewa su miƙe ƙafa, maimakon tallar sabulu sai muka ji ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku ba ni minti ɗaya. Sunan da kuke kirana da shi ba nawa ba ne. Na ƙanena ne, Kiko, na bariki na huɗu. Na are shi ina da shekara goma sha tara don a ɗauke ni ƙwallo. Na ci da shi, na yi aure da shi, na yi suna da shi. Shi kuwa ya tsufa ba shi da ko kati, yanzu yana kwance. Wannan ba ƙasa ce ta yi tsalle ba. Ni ne na zubar. Gobe zan mayar."

Sannan ya ce, "Mai bugu na gaba, Encarnación, bahago," ya ci gaba da wasan har ƙarshe, bai tsallake jifa ko ɗaya ba. Da ya zo sallama ya ce, "Fermín Cabreja ne," sai muryar ta karye a tsakiyar sunan. Bakinsa ya manta yadda ake faɗinsa.

Ba a rufe shi ba, alƙali ya dubi furfurarsa. Amma an soke katunansa duka. Yau, yana da shekara sittin da biyu, shi ne mara takarda. An ce ya kawo shaidun haihuwarsa, su kuwa duk suna maƙabarta. Akurkin saman fili wani ke hawa yanzu. Wasu da suka sha kofi da shi shekara da shekaru, in sun hango shi sai su tsallaka titi. Akwai masu cewa maƙaryaci ne. Akwai masu cewa ya makara.

Ya makara, gaskiya ne. Wata bakwai aka yi kafin takardar ta koma hannun mai ita, kuma a wata bakwai ɗin nan rabin Kiko ya ƙare. Likitoci ba sa alkawarin zai ga saran rake mai zuwa. Na faɗa wa Fermín zan rubuta wannan, ya ce, "In za ka rubuta, ka rubuta har da makarar. In ka cire ta kada ka sake gaishe ni."

Ga ta nan na rubuta.

Kai ne wanda ya yi wa kuskuren 'ya'yan mutane uzuri shekara ashirin da tara, da aka zo kan naka ka ƙi yi wa kanka. An nuna maka ƙofar baya, a buɗe, ba mai gani. Ka bi ta gaba, a gaban garin da ya ɗauke ka wani abu. Abin da ka mallaka a duniya makirfo ne da suna, ka ajiye su rana ɗaya.

Wáscar ne ya kai su asibiti ranar farko da katin ya fito. Ya ce suna zaune a layi sai nas ta leƙo da takarda ta ce, "Nicanor Cabreja." Su biyun suka ɗago kai. Fermín ya yi sauri ya sunkuyar da nasa. Kiko kuwa bai motsa ba. Ya kara hannu a kunne ya ce, "Sake kira, 'yata, ban ji ba."

Ya ji sarai. Ta sake kira, ya ce, "Ni ne."

Mun gode, Don Fermín. Allah ya ba ƙanenka sauƙi, kai kuma ya ba ka tsawon kwanan da za ka ga sunanka a takarda.

Sauran kuma, kun san kanku. A layinmu kaɗai akwai gida uku da wani ke yawo da ranar haihuwar ƙanensa ko ta ɗan kawunsa, mai ita na gefe yana dariyar dole. Tun Lahadin nan mutum biyu suka bi sahunsa zuwa ofishin rajista. Biyu kacal. Ku tashi ku je tun masu sunan na tafiya da ƙafafunsu. Wata bakwai ake jira, kuma ba kowane mai suna ne ke da wata bakwai ba.