Kawu Ɗanlami Ya Ce Teku a Kudu Yake

Ku da kuka san Kawu Ɗanlami, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa zuwa gidansa a unguwar Fallowfield, nan Manchester, da mota aka amsa masa sallama kafin a gaisa da tayoyinsa? Babu! Kana tsayawa zai fito da silifas da hular sanyi, ya zagaya motar, yana dukan taya ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, ya karkata kai yana sauraro kamar mai zaɓen kankana. Sai ya gama zai ɗago ya ce, "Wa alaikumus salam. Ta bayan nan ta hagu tana neman iska. Ya iyali?" Ranar ɗaurin aurena ma haka ya yi wa motar angwaye. Har gobe mijina Nura yana cewa ba a ba shi ni ba sai da tayarsa ta ci jarrabawa.

Injiniyan hanya ne, ya gina tituna a gida kafin ya zo nan ya yi ritaya, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba: titin da ba a zuba wa kwalta a gabansa ba, bai yarda da shi ba. Ƙanin mahaifiyata ne. A gidansa na zauna lokacin da nake karatu a Oxford Road, shi ya aurar da ni, shi ya sa 'ya'yana Amira da Sadiq suka tashi suna ce masa Kaka.

Rigimar teku ta fara ne ranar wata Sallah, muna tsaka da cin abinci. Amira, lokacin ba ta daɗe da shiga firamare ba, ta turo baki ta ce, "Kaka, everyone in my class has seen the sea. Everyone but me."

Kawu ya ajiye cokali. "Hajiya ƙarama, ga shaidu. Ni Ɗanlami, ni zan kai ki bakin teku ki taɓa shi da hannunki. Alkawari na ɗauka."

Nura, bawan Allah, ya ce, "Ai abu mai sauƙi ne, Kawu. Ga Blackpool nan kusa, ko wannan weekend ɗin sai mu je mu dawo."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Malam Nura, a ina ka yi firamare? Teku a kudu yake. Ko yaron goye a Kano ya san haka. In ka ga ruwa a arewa, dam ne."

Muka ɗauko taswira muka nuna masa cewa ƙasar nan tsibiri ce, ruwa ya zagaye ta ta ko'ina. Ya ce wannan matsalarsu ce. Ya dire yatsa can ƙasan taswirar, a kan Bournemouth, ya ce nan za a je. Sannan ya ɗaure mu da jijiyar wuya: duk wanda ya kai yarinyar nan wani ruwa a bayan idonsa, bai yafe ba.

Daga nan aka shiga shiri. Kai jama'a! Kawu bai san wata doguwar tafiya kudu ba sai irin ta Kano zuwa Legas a zamanin da, don haka irin wannan shirin ya yi mana. Ya aika gida aka kawo kilishi da dambun nama. Ya sayi risho, da jarkar ruwa, da buta biyu don kada ɗaya ta ɓace, da tabarma, da igiya wadda har ya rasu bai faɗi amfaninta ba. Motarsa tsohuwa ce mai kujera bakwai, yana kiranta Mai Haƙuri, ya kwantar da kujerun baya ya danƙare su da kaya, a kan kayan ya ɗora safayar taya ta biyu. Na ce, "Kawu, akwai services a hanya fa, har shayi suna sayarwa." Ya ce, "Rabi, matafiyin da ya dogara da shayin wani bai shirya ba."

Bai tsaya nan ba. Ya ce gada ma sai an gwada ta kafin a buɗe, balle tafiya da ƙananan yara. Wata Asabar ya tara mu duka a cikin Mai Haƙuri, a ƙofar gida, kowa ya ɗaura bel, ya ja mana addu'ar tafiya, ya ce Nura ya riƙe sitiyari. Ba a kunna mota ba, don gwaji ba ya cin mai. Muna zaune ƙiƙam, 'yan jami'a suna wucewa suna leƙenmu. Wani dogo mai jan gashi ya kasa haƙuri, ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "You alright in there?" Kawu ya sauke gilashin cikin nutsuwa ya ce, "We are travelling, my son."

Can sai Sadiq, da yake shi ne ƙarami, ya fara mutsu-mutsu. "Mummy, I need a wee."

Na kai hannu zan buɗe ƙofa, Kawu ya ce, "A'a! Yanzu muna kan babban titi, babu wurin tsayawa."

"Haba Kawu, ga ƙofar gida nan!"

"A zahiri ke nan. A gwaji mun wuce Stoke."

Abin da kuke tsammani shi ya faru, Sadiq ya jiƙa kujera sharkaf. Ni ina ta faɗa, Nura ya kifa kai a sitiyari yana dariya har da hawaye, shi kuwa Kawu fuskarsa fal murna. "Alhamdulillahi! Kun ga amfanin gwaji? Da a hanya ne fa?" Washegari aka ƙara fo ɗin yara a cikin kaya.

Da dogon hutu ya zo muka ɗau hanya da gaske, yara suna ta waƙa. Abin da babu wanda ya sa a lissafi shi ne, hanyar kudu ta Birmingham take bi, a can unguwar Handsworth kuwa akwai Inna Talatu, babbar yayarsu, wadda ta goya Kawu yana jariri, kuma har ya yi furfura "yaron nan" take ce masa. Muna hango allon Birmingham ya gyara hula ya ce, "Ba a wuce gidan babba. Ruwa kawai za mu sha."

Ruwa! Tuwon shinkafa da miyar taushe muka tarar. Muna wanke hannu Inna ta ce, "Ɗanlami, matar likitan nan na bayan layi ta haihu, za ka shigo gari ka fita ba barka?" Aka je barka. A gidan barka aka ji an yi wa wani Alhaji rasuwa a Gusau, aka wuce ta'aziyya. A wurin ta'aziyya ya haɗu da abokin karatunsa, wanda ya rantse sai an ci abincin gidansa. Duk wanda ya yi ƙorafi sai Kawu ya ce zumunci a ƙafa yake. Haka hutun Nura ya ƙare tas, kilishin hanya kuwa a falon Inna muka cinye shi. Muna komowa Amira tana ta sheshsheƙa a baya, Kawu ya waiwaya ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, sannu ba ta hana zuwa."

Nura ya ce ƙasa-ƙasa, "Sai dai a daɗe ba a je ba."

"Direba da magana?" in ji Kawu. "Dubi hanya!"

Shekarar da ta biyo muka yi taro, har da shi, aka yanke cewa ba wanda zai gaya wa Inna, sai a dawowa mu tsaya ta yi faɗanta gaba ɗaya. Kawu ya amince, har da cewa shawarar ta yi ma'ana. Amma muna kusantar Birmingham sai ya fara cire hula yana mayarwa. Can ya zaro waya. "Gaisuwa kawai." Kun san wayar Kawu, kullum a lasifika take.

"Yaya, ga mu a hanya za mu kudu, ba za mu samu tsayawa ba."

Sannan muka ji muryar Inna a sanyaye: "To. Allah ya kiyaye hanya." Ta kashe.

Kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Malam Nura, sauka a mafita ta gaba."

"Kawu, ai addu'a ta yi mana!"

"Na ji addu'ar. Kai ka ji muryar?"

Muka isa muka tarar da kuloli jere, abinci da zafinsa, daidai yawanmu. Na ce, "Inna, ya aka yi kika sani?" Ta ce, "Yo ba jiya yaron nan ya kira ni ba? Ya ce kada in wahalar da kaina da girki, don ba za ku tsaya ba."

Da aka koma makaranta, malamarsu Amira ta ce kowa ya zana inda ya je hutu. Tawa ta zana falon Inna, da kuloli, da wani tsoho mai hula yana barci a kujera, ta rubuta a ƙasa: "Kaka's sea." Ta kawo masa da zuciya ɗaya. Muka yi dariya kamar cikinmu zai yi ciwo, shi ma ya yi, amma tasa ba ta daɗe ba.

A shekarar ne ciwon zuciya ya kwantar da shi a asibiti. Ya fito ya rame, ko matakalar gidansa sai ya huta a tsakiya. Wata rana muna falonsa, yara suna wasa a bayan kujera, Sadiq ya tambayi yayarsa yaushe za a je tekun. Ta ce, "Never. Kaka just says things." Na ji, shi ma ya ji. Wallahi ban taɓa ganin abu ya soki Kawu kamar maganar nan ba. Da yaran suka fita ya ce da ni, "Rabi, ba tafiyar nake tsoro ba, kowa zai yi ta. Tsorona in tafi yarinyar nan ta girma da cewa maganar tsoho iska ce."

Hawaye ya cika mini ido. Na ce to likita fa? Ya ce ai ya tambaya. "Ya ce zan iya, amma in dinga tsayawa a hanya ina hutawa. Na ce likita, a wannan fannin ba ka da abin da za ka koya mini."

Da hutu ya sake zagayowa muka kama hanya, wannan karon bai kira taro ba. Muka isa ƙofar Inna a Handsworth, ya ce Nura kada ya kashe mota, shi kuma ya ƙi fitowa. Inna ta leƙo. "Ɗanlami, lafiya? Shigo mana!"

"Yaya, yau ba zan taka gidanki ba. Kuma ba zan wuce ki ba. Ɗauko mayafinki da kulolinki, a can za mu ci."

"Ka haukace? A ina zan zauna, a kan taya?"

Sai ya buɗe ƙofa ya fito a hankali, ya zagaya baya, ya ce Nura ya kama masa. Safayar taya ta biyu, da risho, da jarka, duk aka sauke su a gaban gidan Inna, aka ɗaga kujera ɗaya. Kawu Ɗanlami zai kama hanyar kudu da safaya ɗaya tak! Inna ta dubi kayan, ta dubi yadda kaftani ya yi masa yawa a jiki. Ta shiga gida ta fito da jaka da kuloli. Sai da muka hau babban titi bakinta ya dawo: wance ta haihu, wane ya dawo daga Umara, za a ce ba mu da kirki. Kawu ya ce, "Allah ya raya, Allah ya karɓa. Daga nan ma addu'a tana isa."

Muka isa rana ta yi sanyi. Amira ce ta fara hango tekun tsakanin gidaje, ta ƙwalla ihun da ya sa Inna salati. Aka shimfiɗa tabarma a kan yashi, Kawu ya zauna ya huta, ya ɗauko kilishi zai kai baki, wani farin tsuntsun teku ya kawo sura ya fige shi daga hannunsa. "Ɓarawo! Ban ce muku kudu sai da hattara ba?"

Sannan ya naɗe ƙafar wando, ya cusa safa a aljihu, ya miƙa wa Amira hannu. Tana jansa, yana cewa ta bi a hankali, tsoho ba sabuwar mota ba ne. Ruwan ya taho ya rufe musu ƙafa, ta yi tsalle don sanyi, ta gudu, ta dawo, ta durƙusa ta tsoma hannu biyu. Ya yafuto mu muka matso.

"Hajiya ƙarama, kin taɓa?"

"Na taɓa, Kaka."

"Na cika?"

"Ka cika," ta ce da 'yar Hausarta ta Manchester. Sai ta rungume shi ta ƙara da cewa, "I thought you wouldn't."

"Ni ma haka," in ji Kawu. Yana dariya hawaye na bin gemunsa, wai gishirin tekun ne ya shiga masa ido. Inna ta ce ƙarya yake, tun yana goye haka yake da saurin kuka.

Sanyin shekarar bai ƙare ba Allah ya karɓi abinsa.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗanlami nan ya zo gare Ka. Ya sa mu dariya, ya riƙe zumunci har ya hana mu tafiya, kuma da sauran numfashinsa ya cika wa ƙaramar yarinya alkawari. Kai ne ba Ka saɓa alkawari. Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka cika masa naKa. Amin.