Wadda Za Ta Yi Wa Iya Wanka

A ƙauyenmu Dingaya, can ƙasar Gwaram, akwai tsohuwar da kowa ke kira Iya. Ita ce ungozomar unguwarmu. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu tun ban yi wayo ba. Ita ta yanke wa mahaifiyata cibiya, ni ma ita ta yanke mini.

Al'adar garin ita ce, duk gidan da ta taɓa yi wa mai jego wanka, in kaka ta yi sai a kai damin gero ko na dawa rumbunta, ko da ta ajiye aiki. Yanzu da nake aikin gwamnati a Birnin Kudu, ana yankar wani abu a albashina da sunan tanadin tsufa, nakan tuna rumbun nan. Ita nata tanadin a gidajen mutane ta zuba shi, da ruwan zafi da ganyen runhu.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, aka kawo ta asibiti nan Birnin Kudu. Bayan 'yan kwanaki likita ya ce a koma gida, sauran aikin na jinya ne. Ban damu ba, don na san rumbunta cike yake, kwanukan tuwo kuma ba za su yanke ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mahaifiyata ce ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye. Ta ce Iya ta ƙi wanka. Duk matar da ta shiga da bokiti, sai ta damƙe zanenta da hannun da ke motsi, ta juya fuska bango, ta ce 'yar da ta yanke wa cibiya ba za ta ga tsiraicinta ba. Sa'o'inta da ba za ta ji nauyinsu ba, duk sun riga mu gidan gaskiya. Ga shi bayanta ya fara gyambo saboda kwanciya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mu da muke bugun ƙirji cewa ba ma yar da tsofaffinmu, ga tsohuwa tana ruɓewa a tsakiyar kwanukan tuwo. Na shiga mota zuwa Gwaram, na hau acaɓa na ƙarasa.

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare ni. Na ɗaga murya irin yadda jika ke yi wa kakarta.

"Ke tsohuwa, kin ƙi mutuwa, kin ƙi wanka. So kike ki kore mu daga garin?"

Ta juyo a hankali, bakin a karkace. "Ja'ira. Da wannan bakin na san ki tun ranar da kika faɗo."

"To ni dai ba 'yarki ba ce, jika ce. Wace kunya ce tsakanina da ke?"

Ta daɗe tana kallona. Can ta ce, "Uwarki ta fita."

Mahaifiyata ta fita, ta ja tabarmar ƙofa. Iya ta saki zanen.

Ban taɓa ganin jiki ya ƙare haka ba. Na ɗebi ruwa na fara ta inda na ga dama. Nan take ta buge mini hannu.

"A makarantar taku haka aka koya muku? Fara da dama. Ki tallafi kai. Kada ki yaye ni gaba ɗaya, inda za ki wanke kaɗai za ki buɗe."

Na ce, "Ana yi miki alheri kina faɗa?"

Ta ce, "Ki koya tun ina iya gyara miki. Na ƙarshen ba zan yi magana ba."

Daga nan duk ƙarshen mako ina hanya. Da ta saba, ta yarda da wasu jikokin biyu, muka riƙa karɓa-karɓa har gyambon ya kame. Ta ƙara ganin kaka guda, dammunan hatsi suka shigo rumbunta kamar kullum.

Ranar da ta cika, matan unguwa suka taru a tsakar gida, aka ɗora ruwa. Babu wadda ta motsa, duk ni suke kallo. Na shiga, na ja tabarmar ƙofa, na tallafi kanta, na fara da dama.