Basiru da Gurar da Ba Ta da Baki

Allah ya ji ƙan Basiru, ya sa ya huta, don a duniya dai bai samu hutun kirki ba.

Ɗan masunta ne. A wata tunga kusa da Yelwa aka haife shi, kuma tun bai iya ɗaure wando ba ya iya saƙar gura, tarkon nan na sanduna da raga da ake nutsawa a ruwa kifi ya shiga ya kasa fita. Da kifi ya yi ƙaranci a tafki, iyali kuma suka ƙaru, sai ya karɓi aikin kula da injin ban ruwa na ƙungiyar manoman albasa. Ya ɗauka ya bar ruwa ke nan. Ashe shigarsa ce ma ya yi.

A bakin bututun da ke kwance cikin tafki akwai bawul, wani murfi da yake buɗewa idan inji ya ja ruwa, ya rufe idan an kashe, don kada ruwan ya koma inda ya fito. Abu ne ƙarami, amma rigimarsa ta fi ta jariri. Karan ciyawar burugu ɗaya ya maƙale masa, ko ɓawon dodon koɗi, sai ruwa ya zurare, inji ya wayi gari yana haɗiyar iska. Albasa kuwa ba ta san uzuri ba. Dole wani ya tuɓe riga ya shiga har ƙirji, ya lalubo bawul ya share. Wannan wanin, kullum Basiru ne.

Shekaru suka tura, ciwon tsargiya da ya ɗauko tun yarinta ya dawo masa da ƙarfi. Fitsari da jini, mara kamar an ɗora dutse. A asibiti aka ba shi magani, aka ce muddin yana shiga ruwan nan, zuba ruwa ake a rariya.

Matarsa Tabawa ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"Baban Umma, ka dai ji abin da likita ya ce."

"Na ji."

"To mi kake jira? Albasar ta Innarka ce?"

Ya yi dariya, ya dafe mara. Washegari ya sami Nasiru, shugaban ƙungiya, ya ce a nemi wani. Nasiru mutumin kirki ne, har idonsa ya yi ja. Ya ce, "Malam Basiru, yi haƙuri mu cire ta bana." Aka cire. Da ya koma sai aka ce, "Bari a gama dashe." Ba mugunta ba ce. Samari sun tafi kabu-kabu, dattawa kuwa kowa da nasa ciwon.

Da ya ga babu mai karɓarsa, sai ya ce to bari ya yi wa bawul ɗin ɗaki, ciyawa ta daina kai masa. Ya hau mashin zuwa kasuwar Yelwa wajen Enoch mai walda, suka yini suna gwaji. Enoch ya haɗa keji na rodi mai ƙofa da kwaɗo, ya buga shi da guduma yana taƙama.

"Maigida, wannan ko dorina ta taka shi, ita za a kai asibiti."

Dorina ba ta zo ba. Masu neman tsohon ƙarfe ne suka zo. Wata bai cika ba aka wayi gari babu keji, an bar bawul tsirara cikin laka. Da labari ya kai wa Enoch, sai ya riƙe baki ya ce, "Laifina ne, na yi shi da nauyi. Ai a kilo suke sayarwa."

Basiru ya koma ruwa. Ba ya ƙorafi, sai dai idan ya fito yakan daɗe zaune a kan gaɓa, riga a kafaɗa, yana kallon tafkin kamar mai kallon ɗan'uwan da ya gaji da shi amma ba yadda zai yi.

A irin wannan zaman ne ya lura da abin da ya sani tun yana yaro. Gurar masunta na nan zube a ruwa, babu kwaɗo, babu mai gadi, kuma ba mai taɓa ta wani. A bakin ruwan nan, wanda aka kama yana ɗaga gurar da ba tasa ba, sunansa ya ɓaci daga tunga zuwa tunga, ba mai sake shiga jirgi ɗaya da shi. Wanda zai iya kwance ƙarfen ƙungiya ya ce ai ba na kowa ba ne, hannunsa ba zai kai ga gura ba.

Ya sari sanduna, ya samo tsohuwar komar kamun kifi, ya saƙa gura babba ya sa bawul a ciki. Ta farko ya bar mata baki, don hannunsa bai saba da wata saƙar ba. Ƙananan kifi suka cika ta, inji ya tsotso su suka toshe bawul fiye da ciyawa. Ya ɗago ta ya ɗinke bakin ruf. Masunta suka samu abin yi.

"Basiru, wanga kifi ta ina zai shiga? Ko sallama zai yi ka buɗe mishi?"

"Ku ke gayyatar baƙi," in ji shi. "Ni korarsu nake."

Ba a sace ta ba, ciyawa kuma ta tsaya a waje. Sai dai tafki ba ya zama wuri ɗaya. Rani na nisa yana ja da baya, dole a bi shi da bututu, a ɗaga gura a ƙara gaba, ga sanduna na ruɓewa. Shigar ta ragu, amma ba ta ƙare ba, jikinsa kuwa ya riga ya fara sauka. Ƙafafu suka kumbura. Tafiya daga gida zuwa inji sai ya zauna a hanya.

Dabarar ƙarshe a kwance ya yi ta, yana kwatanta wa Tabawa da kara a ƙasa. Aka ɗaura wa gurar jarkoki biyu marasa komai don ta yi iyo, aka sauya ƙarshen bututu da tiyo mai lanƙwasa, aka sa igiya. Daga cikin jirgi mutum zai jawo ta, ya duba, ya tura ta gaba da gwangwala. Ranar da aka gwada, Nasiru ne ya tuƙa shi a jirgi. Inji ya kama, ruwa ya fita a guje cikin kwalbati, Basiru na zaune da rigarsa a jiki. Ya dai sunkuyar da kai ya daɗe.

Rani ɗaya ya samu haka. Ɗaya tak, bayan duk waɗannan shekaru. Yakan je da hantsi, ya dawo a bushe, Tabawa ta tsokane shi wai ya zama ma'aikacin ofis. Ana cire albasa ya kwanta, ruwan farko na damina bai same shi ba.

Waɗanda suka yi masa sutura sun ce rauni ɗaya babu a ƙafarsa, tsakanin yatsunsa da ruwa ya daɗe da cinyewa duk ya haɗe, fata ta yi sumul. Da aka faɗa wa Tabawa sai ta ce ta sani, ita ke shafa masa man kaɗe. Ta ce, "Ƙafar ce kawai ta samu lokacin warkewa."

Allah ya sanyaya makwancinsa.