Amsa Daga Bayan Katanga

Wata rana Lantana tana tsintar shinkafa a tsakar gida, sai ta ji matar mai gidan hayarsu tana tambayar mijinta:

"Wai tsohon nan da wa yake magana ne? Ba gara a kira ɗansa ya kai shi asibitin masu taɓin hankali ba?"

Baba Matiyas ake nufi, maƙwabcin da katanga kawai ta raba su. Tsohon malamin harshen Latin ne a makarantar horar da limaman coci. Ya yi ritaya, matarsa Kande ta rasu bara.

Kullum da la'asar sai a jiyo shi.

"Ego."

Ya yi shiru. Can ya sake.

Haka zai yi ta yi har magariba.

Lantana ba ta yi nisa a boko ba, ba ta san me kalmar take nufi ba. Amma shirun da ke biyo baya, shi kam ta san shi. Mijinta direban tirela ne, sai ya yi makonni a hanya. Sau da yawa takan dafa abincin mutum biyu, sai ta zo zubawa ta tuna.

Ita a kunnenta ba hauka take ji ba. Jira take ji.

Rannan iska ta jefa zaninta gidan Baba. Ta sa mayafi ta shiga, ta durƙusa ta gaishe shi. Har ta juya, sai ta tsaya, idonta a ƙasa.

"Baba, wa kake kira kullum?"

Ya yi 'yar dariya. "Ba kira ba ne, 'yata, karatu ne. A aji in na dafa ƙirji na ce ego, wato ni, sai yara su nuna ni su ce tu, wato kai. Sannan mu haɗa baki mu ce nos, mu ke nan. Da na bar koyarwa, Kande ta karɓi aikin yaran. Daga kicin take amsawa don tsokana, har da nuna ni da muciya."

"To yanzu fa?"

"Yanzu nawa nake faɗa. Sauran ba na mutum ɗaya ba ne."

Washegari da la'asar tana tuƙa tuwo a gindin katanga.

"Ego."

Ta leƙa, ba kowa a tsakar gida. Ta matsa, murya can ƙasa ta ce, "Tu."

Har ta fara tunanin ko ta yi laifi.

Sai muryar Baba ta zo daga bayan katanga: "Nos."

Ita ma ta faɗa, muciya a hannu.

Daga nan ta ji ya ja kujera, ya kunna rediyo.

Tun ranar, sau ɗaya yake faɗa. Matar mai gidan haya ta ce ai addu'arta ce ta ci. Zancen asibiti ya mutu.

Da mijin Lantana ya dawo ya tambayi labarin unguwa, ta buɗe baki, sai ta fasa. Ta ce, "Lafiya lau," ta miƙa masa ruwa. Ta bar wa ranta. Ba za ta faɗa wa kowa ba.

Darasi: Kafin a ce mutum ya zautu, a saurari inda yake yin shiru. Wani ba magani yake nema ba, mai amsa masa ya rasa.

A tura wa wasu. In kuma akwai wanda aka daɗe ba a ji muryarsa ba, a fara da shi.